Na Hana Shi Fita da Sanyi

Na daɗe ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke bakin titin Wendover a garin Greensboro, bayana ya saba. Gajiyar da ban saba da ita ba ita ce ta ɗana.

Da ya gama makaranta ya samu aiki can nesa a jihar Colorado. A can ya koyi wani abu da har yau ban ga amfaninsa ba: ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, ya yi awa biyar yana hawan dutse cikin dusar ƙanƙara, sannan ya sulalo ƙasa cikin minti ashirin. Na ce masa ko jaki ba ya hawan dutse sai an ɗora masa kaya. Dariya kawai ya yi.

Duk hunturu ba ni da sukuni. Ya sa mini wani shafi a waya, wanda ke faɗin ko ƙanƙarar za ta iya zaftowa ta binne mutane, kullum sai na duba a cikin mota kafin in shiga aiki. Da watan Afrilu ya kama, itatuwan Greensboro suka yi fure, na ce alhamdu lillahi, mun ga bayan sanyi. Sai ga shi yana cewa ai yanzu ne lokacin hawa manyan duwatsun, kuma ranar Asabar ƙarfe huɗu na asuba za su fita shi da abokansa.

Raina ya ɓaci. A gidanmu ba a barin yaro ya fita da sanyin asuba.

"Ka bari rana ta ɗaga," na ce.

Ya fara yi mini bayani da Turanci, na katse shi. "Ni na haife ka ko kai ka haife ni? In ka fita kafin hantsi, ban yafe ba."

Ya ce, "To, Mama."

Ranar Asabar ina aiki. Lokacin cin abinci ya kira. Ya bi maganata. Sauran sun tafi da asuba, wani abokinsa guda ya jira shi, suka hau da hantsi. Kafin su yi nisa ƙanƙarar ta yi laushi kamar kunu, ƙafa na nutsewa har gwiwa, sai suka juya. Juyawarsu ke da wuya, ƙanƙarar gangaren da za su bi ta saki gaba ɗaya, ta wuce ta gabansu tana tafe da duwatsu.

"Sanyin dare ne ke riƙe ta, Mama," ya ce. "Rana ce ke sakinta."

Na zauna a kan kwali da shinkafata a hannu, na kasa ci. Duk watannin nan addu'ata Allah ya ba shi rana. Da bakina na kusa tura ɗana kabari, har da ɗan mutane. Na ji kunya, na ji haushinsa kuma da ya bi maganar da ya san kuskure ce.

Na roƙe shi ya daina, bai daina ba, ni kuma ban sake yin gangancin cewa ban yafe ba.

Agogonmu yana gaban nasu da awa biyu. Yanzu duk ranar da zai hau, ina idar da sallar asuba nake ɗaukar waya.

"Tashi," nake ce masa. "Tashi ka fita, kada rana ta same ka."