Kunyar 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a wurin uwata, kuma tun da ta haife ni bakinta bai taɓa furta sunana ba. Kowa ya san al'adar, kunya ce, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba. Gida ɗaya muke a unguwar Ridina, tsakar gida ɗaya, amma in na faɗi na fasa gwiwa kakar ce ke tasowa, ita kuwa sai ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ji ba. In tana nemana, "ke" take cewa. In a gaban mutane ne, "waccan". Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Mata suna ta yabonta, wai mai kunya irin ta mutanen da. Na yi aure, na haihu, na aurar, na zauna a rumfar atamfa a kasuwar Grand Marché har furfura ta fito mini, ina nan dai a "ke".

Na ɗauka abin bai dame ni ba, sai da ɓarin jikin uwar tawa ya shanye.

Ranar da za a sallame ta daga asibiti muka tsaya a baranda, ni da autanmu, ƙannena mata biyu kuma suna kan waya, ɗaya daga Kano ɗaya daga garin Moundou. Aka ce wa zai ɗauke ta? Auta ya gyara hularsa ya ce gidansa da matakala, kuma matarsa tana zuwa aiki. Ta Kano ta ce ai babbar ya uwa ce. Mijina ya rasu, yarana sun kama gabansu, ina da ɗaki a gidana na unguwar Sabangali ba kowa a ciki. Shi ke nan, aka yanke hukunci ina tsaye, ba wanda ya tambaye ni. Na bar wa surukata rumfa na dawo gida jinya.

Wanda bai yi jinyar shanyayye ba ya yi mini shiru. Ki ɗaga, ki juya, ki cire kush, wato ƙunzugun da ta kwana da shi, ki wanke, ki shafa man kaɗanya a wuraren da kwanciya ta fara ci, ki ba da kunu cokali-cokali rabi yana dawowa ta gefen baki. Lokacin zafi in an ɗauke wuta, ni ce fanka, da mafici a hannu har kafaɗata ta sage. Bayana ya riƙe, har sallah sai a zaune nake yi. Cutar ta ɗauki hannu ta ɗauki ƙafa ta bar harshe garau, kuma Allah ya yafe mini, akwai ranakun da na so a ce harshen ta ɗauka.

"Ke! Kunun nan ba sukari." "Ke! Kashe ni za ki yi?" "Ke!" Daga safe har yamma. A da ai wata ɗaya sai ya wuce ban ji "ke" ɗin nan ba, kowa na gidansa. Yanzu ina kwana da ita ina tashi da ita, sai kalmar ta fara yi mini ciwo kamar tsakuwa a cikin takalmi.

Auta kuwa ran Juma'a yake zuwa bayan an sauko daga masallaci, da farar jallabiya, yana ƙamshi, riƙe da ledar lemo. Ba ya wuce bakin gado, kuma ina lura da shi yana numfashi ta baki. Ita ko da ta ji sallamarsa fuskarta sai ta washe, har ɓarin da ya mutu kamar zai motsa. Ta kira sunansa, ta ja shi, ta sake kira, ta yi ta zuba masa albarka kamar shi ya wanke zanin da take kwance a kai. Ya ɗaga waya ya nuna wa na Kano da Moundou ita, su ma ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bayansa da bokiti. Kafin lemon ya ƙare ɓarewa ya tafi.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa yi mata allura. Ranar farko tsohuwar ta tambaye ta sunanta, ashe takwarata ce. Na tsaya cak da tawul a hannu, na ce yau dai zan ji shi a bakinta ko da na wata ne. Sai ta ce, "To, sannu mai sunan mutanen gidan nan." Haka ta kira ta har aka gama alluran.

Abin da ya fasa mini ƙurjin shi ne ranar da tsofaffin maƙwabtanmu na Ridina suka zo dubiya. Na shimfiɗa musu tabarma, na dafa shayi, na shigo da tire. Ɗaya a cikinsu ta ce, "Hajiya, kin yi tsaf ba wari ba komai, wa ke kula da ke haka?" Ta ce, "Allah ne, sai autana." Sannan ta nuna ni da haɓa ta ce, "Waccan hannunta nauyi gare shi, juya ni take kamar buhun gero." Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce ba ni da tarbiyya. Na ajiye tiren na fita bayan ɗaki.

Ƙanwar uwar tawa, wadda muke kira Iya, ta biyo ni ta ce, "Haba 'yar nan, kunya ce. A zuci tana sonki, ai kin san halin mutanen da." Na ce, "Iya, wace kunya ce ta rage tsakanina da matar da nake wanke wa kashi safe da yamma? Babu inda ban gani ba a jikinta. Sunana ne kawai tsiraici?" Ta kama baki ta ce in yi istigfari. Ban yi ba.

Washegari da hantsi na gama ba ta kunu, na fito na zauna a bakin ƙofarta ina tsintar shinkafa. Na san lokacinta, bayan kunu take neman fo don ta yi bayan gida. Can sai na ji, "Ke!" Ban motsa ba. "Ke! Ba ki ji ne?" Ta fara buga kofin silba a jikin ƙarfen gado.

Na ce, ba tare da na juya ba, "Yaya, ina da suna. Kina zaune aka yanka rago aka raɗa mini shi. Ba kowa a gidan nan, daga ni sai ke sai Allah. Ki kira shi sau ɗaya, wallahi kafin ki rufe baki na iso."

Kofin ya yi shiru.

Na ci gaba da zamana. Shinkafar ma ba na ganinta, yatsuna ne kawai ke yawo a ciki. Ina jin numfashinta yana fita da ƙarfi, ina jin nishinta, tana riƙewa. Na ce a raina yanzu za ta faɗa, ai ba dutse ba ce, mace mai tsabtar da ko ƙuda ba ya sauka a kwanonta ba za ta yarda ta ɓata kanta a kan kalma ɗaya ba. Har na fara tunanin yadda zan amsa. Mace mai jikoki, ina zaune ina gwada "na'am" a cikin bakina kamar yarinya.

Warin ne ya fara zuwa mini.

Na shiga. Ta juyar da kanta bango iyakar yadda wuyanta zai iya, ta cije leɓe, hawaye yana gangara cikin kunnenta. Ta ɓata zani, ta ɓata katifa. Ta gwammace haka. Na tsaya a kanta, kuma abin da na ji ba tausayi ba ne, tsana ce zalla, na tsane ta kamar yadda ban taɓa tsanar wani mahaluki ba. Sannan na ɗebo ruwan ɗumi na wanke ta tas, na shafa mai, na canza zani, na fitar da katifar rana.

Daga ranar ko "ke" ɗin ma ta janye. Kofi kawai take bugawa, in zo. In da wani a ɗakin, ta bakinsa take yi mini magana: "A ce mata ruwa." Na nemi ƙari na rasa uwar kuɗi. Haka muka ci damina muka shiga sanyi, ina ɗagawa ina juyawa, tana kallon bango.

Da jikin ya yi tsanani aka tara mu. Ta Kano ta zo, ta Moundou ta zo, auta ya ɗauki hutu a wurin aiki. Wata la'asar ta farfaɗo, idonta tar, hankalinta cif. Iya ta ce mu matso mu nemi gafara tun da sauran dama. Suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ta kira kowa da sunansa, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ɗora wa auta hannun nan mai lafiya a ka ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na durƙusa a ƙarshe, da bayan nan nawa da ba ya lanƙwasuwa. Na ce, "Yaya, na bar maganar suna, ba na so. Ki dai ce kin yafe mini." Iya tana kuka ta ce, "Yaya, 'yarki ce fa ta fari, ita ta yi miki komai. Ki sa mata albarka."

Ta dube ni. Rabon da ta dube ni ido cikin ido tun ranar katifar. Ta daɗe tana kallona, leɓenta yana motsi, har na matsar da kunnena kusa da bakinta. Sai ta ɗauke ido ta mayar kan Iya ta ce, "Ki ce mata ta rufe mini ƙafa, sanyi nake ji."

Na tashi na ja bargon na rufe. Ba ta ƙara magana ba har ta cika.