Ɗan Kwando Mai Makulli

Duk wanda makullinsa ya taɓa ɓata a layin nan ya san Ɗan Kwando. Ɗan siririn dattijo ne, yatsunsa kullum baƙi ƙirin da garin ƙarfe. Teburinsa na ƙarƙashin barandar wani tsohon bene, daura da babban shagon yadi. A kan teburin akwai injin yankan makulli da magagari uku da kwaɗuna da aka kawo gyara, a bayansa kuma sababbin makullai rataye a jikin ƙusoshi. Shekara ashirin da bakwai yana nan. Mata kan aiko masa da makullin ɗaki, 'yan kasuwa su bar masa na shago su tafi cin abinci, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa yana kallon hannunsa.

Sunan ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk mutanen ƙasarsu ta bayan iyaka haka ake ce musu a garin, 'yan kwando, wai don na farkonsu da kwanduna a ka suka shigo neman aikin ƙarfi. Wani da dariya yake faɗa, wani yana yatsine fuska. Shi da ya zo yana saurayi, in an kira shi haka sai ya yi kunnen uwar shegu.

Wani mai gyaran agogo ne ya sa ya fara amsawa. Baranda ɗaya suke, benci ɗaya. A makon farko mai agogo ya ɗago kai da ɗan gilashinsa a ido ya ce, "Kai Ɗan Kwando, matsa da tarkacenka, ka tare min haske."

"To, Ɗan Inuwa," in ji shi. Don su ma a can haka suke kiran mutanen garin, wai suna zaune a inuwa baƙi na yi musu aiki.

Mai agogo ya yi dariya har gilashin ya faɗo masa a cinya. Daga ranar aka ƙulla. Suna da wata tsokana da ba sa gajiya da ita. In mutane sun taru, mai agogo ya ɗaga murya: "Jama'a ku riƙe aljihunku! Ɗan kwando da kwando fanko yake shigowa gari, amma ba ya fita da shi fanko." Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Me za a samu a aljihun ɗan inuwa in ba hamma ba?" A kwashe da dariya, a raba shayi kofi biyu.

Kuma abotar ba ta tsaya a baki ba. Ranar da matar mai makulli ta yanke jiki ta faɗi, mai agogo ne ya rufe wurinsa ya nemo mota. Da mai agogo kuma zai yi wata doguwar tafiya, bai ba ƙannensa makullin gidansa ba, abokinsa ya ba. Ya dawo ya ce, "Bar shi wurinka, ya fi min kwanciyar hankali." Makullin ya zauna a aljihun tebur, ɗaure da jan zare, shekara goma sha tara.

Sabo ya kai mai makulli har ya sayi fenti ya rubuta sunan da hannunsa a allon wurin: Ɗan Kwando Mai Makulli. Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ba ta taɓa son allon nan ba.

"Baba, don Allah ka goge. Da sunan nan aka riƙa jifana a aji har na gama."

"Waɗancan ba su da kunya ne," ya ce. "Bakin da ya faɗa ake dubawa, 'yata. Wanda zan iya rama wa ya yi dariya, ba zagina ya yi ba."

Ta bar maganar, ba don ta yarda ba.

Ana nan, wata Litinin aka buɗe shagon yadi aka tarar an yashe kantoci uku. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba, an buɗe an kwashe an mayar an kulle. Da hantsi shugaban layi ya tara mutane a cikin shagon, sun kai arba'in. Wanda ke buɗe shagon kullum mijin 'yar mai agogo ne, don haka idanu suka fara komawa kansa, yana tsaye gumi na keto masa.

Sai mai agogo ya gyara murya. "Ni dai ban ce kowa ba," ya ce. "Amma ƙofar da aka buɗe da makulli, ai a tambayi inda ake yin makulli. Kun dai san 'yan kwando. Fanko suke shigowa gari, ba sa fita fanko."

Maganar ce dai, kalma ba ta canja ba. Amma bai ɗaga murya ba, bai dubi abokinsa ba, shugaban layi yake kallo. Wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka gyaɗa kai. Bakin mai makulli ya buɗe da kansa zai ba da amsar da ya saba. Sai ya dubi ɗakin. Mutum arba'in, duk 'yan gari, shi kaɗai ne na bayan iyaka. Ya ce "ɗan inuwa" a nan ya ga yadda za ta kaya! Sai ya fasa. A nan ya gane abin da ya gaya wa 'yarsa gaskiya ne, shi ne dai bai taɓa lissafa ranar da ba zai iya ramawa ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da mai shagon ne ya faɗa, da sai ya ce zafin asara ne. Amma mutumin da ya san ko allura ya tsinta a baranda sai ya yi cigiya, shi ne ya shafa masa kashin kaji don ya wanke surukinsa, kuma da wasansu na shekara ashirin da bakwai ya shafa.

Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya ce masa ɓarawo. Da ma an ce, da ya samu abin musantawa. Mata dai suka daina aike. Mai ɗinkin takalmi ya kawo makulli ya tsaya a kansa ƙiƙam har aka gama, ya kuma ce a ba shi wanda ya lalace a yanka. Wata mata ta zo ta karanta allon a fili, ta ja jakarta ta wuce layin gaba. Mai agogo kuwa ya juya masa baya a bencin, wai hasken ya fi kyau ta can.

Kwana goma sha shida asiri ya tonu. Ƙanin mai shagon ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zare makulli daga aljihun yayansa. Ba ruwan surukin ma tun farko. Wato mai agogo ya sayar da abokinsa a banza.

Washegari sai ga shi da shayi kofi biyu, yana washe baki. "Ɗan Kwando! Ka ji ɓarawon naka ashe ɗan inuwa ne? To rama, yau ranarka ce."

Mai makulli ya kashe inji. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko makulli mai jan zare ya ajiye kusa da kofin.

"Haba! Mene ne haka? Ai wasa nake ran nan. Ba mu saba ba?"

"Wasa da ni kake yi," in ji mai makulli. "Ran nan da su ka yi."

"To na yi kuskure. Haba Ɗan Kwando, tsakanina da kai?"

Mai makulli ya dube shi, ya kira shi da sunansa na yanka, har da na mahaifinsa, ya ce, "Na yafe. Amma daga yau kira ni da nawa."

Mai agogo ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ɗaga kai ya dubi allo, kamar zai samu sunan a can. Mai makulli ya ba shi lokaci, ya jira shi da gaske, don har zuciyarsa yana so a ce ya tuna. Shayin ya huce a tsakaninsu.

Da rana 'yarsa ta biyo daga makaranta, ta tarar da shi tsaye a kan benci gaban allon da gwangwanin farin fenti. Ta ajiye jakarta ta riƙe masa bencin.