Ranar da Ya Kashe Mota

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne, kuma ban taɓa ganin mai tsoron kashe mota kamarsa ba. Ba shi kaɗai ba ne. A tashar Tasawa ta wancan lokaci, direba zai sauka ya ci tuwo, ya yi salla, ya zauna gardamar kokowa, motarsa na can tana ruri tana tuttula hayaƙi. In ka yi magana su ce moter, wato injin, ba ya son sanyi, ko kuma wai tayarwa ta fi barinta shan man gazuwal. Masu ƙosai na bakin tasha sun saba, sai dai su toshe hanci da gefen mayafi. Ni kam kullum cikin yi masa tsiya nake, in ce ko an wanke rigarsa sau uku warin nan ba ya fita. Sai ya yi dariya ya ce ai turaren masu sana'a ke nan.

Shekarar da fari ya tsananta, soja na mulki, aka sa kamyonsa, babbar motar kaya, cikin masu kai hatsin taimako ƙauyuka. Kamyon ya tsufa, batirinsa ya daɗe da mutuwa, sabo kuma babu shi. A Tasawa kan gangare yake ajiye shi, da safe a saki birki ya tashi. Ƙauye kuwa rairayi ne shimfiɗe, masu turawar ma yunwa ta cinye su. In motar ta mutu a can, garuruwan gaba za su kwana babu hatsi, shi kuma ya amsa tambaya a bariki. Kowace tafiya akwai soja guda a gefensa, da bindiga da agogo.

Ni a lokacin ina ƙauyensu, kusa da Korgom, ina jinyar mahaifiyarsa, wadda duka muke kira Inna. Ciwon fuka ne ya kama ta, numfashinta na fita da wani siririn fito. Duk mako biyu hanya kan biyo da shi ta wurinmu. Sai ya kafa kamyon daidai ƙofar gida, jikin dangar ɗakinta, ya faɗo da gudu ya durƙusa, su gaisa da ihu saboda ƙara, ya fice. Hayaƙin kuwa ya cika ɗakin taf. Bayan ya tafi sai ta kwana biyu tana tari, ni ina dafa mata ruwan zafi ina cika ina batsewa.

Na ce zan gaya masa. Ta kama hannuna ta ce, “Ɗiyata, ki bar shi. In kin hwaɗi mashi, ba shi ƙara tsayawa, wucewa za shi yi. Na hi son in gan shi in yi tarin.” Na bar maganar, amma raina bai so ba. Ina ƙaunar tsohuwar nan, taurin kanta kuma yana ba ni haushi.

Wata ranar Talata da hantsi ya iso, Inna ta kwana ba ta runtsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, bakinta na motsi, ba ya jin komai. Ya matso ya kara kunne, bai ji ba. Ya dube ni ya ce, “Mi ta ce?”

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, “Ina za ka ji, jakarka na kuka a ƙohwa?”

Ya tsaya yana kallona. Ya dubi hayaƙin da ke shigowa ta tsakanin karan danga, ya dubi uwarsa. Sai ya miƙe ya fita. Na ɗauka fushi ya yi zai tafi, na ce na jawo wa tsohuwa abin da take gudu. Sai na ji sojan ya daka tsawa: “Direba, kana hauka? Wa za ya tura ta?” Kafin ya rufe baki ƙarar ta ɗauke.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a gidan. Maigida ya dawo ya zauna a bakin tabarmarta, karo na farko da na ga ya zauna. Sojan ya biyo shi a fusace, ya ja ya tsaya a ƙofa, domin yanzu kowa na jin fiton da ke fita daga ƙirjin Inna, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya rataye bindigarsa a kafaɗa ya ce a hankali, “Zamna da tsohuwarka. Bari in nemo maza da igiya.”

Sai da suka kai azahar kafin motar ta tashi, da mutane da raƙumin wani makiyayi. Amma ba wannan nake tunawa ba. Abin da nake tunawa shi ne yadda maigida ya ɗora kunnensa a bayan Inna, kamar yadda yake wa moter in yana neman inda ya lalace. Mutumin da ke gane ciwon mota tun daga nesa ya ɗago idonsa jawur ya ce, “Yaushe wanga abu ya soma mata? Jiya?”

Na ce, “Damina ukku ke nan.”