Idon Waliu Mai Gyaran Sidi

A Fagge aka haifi Waliu, ɗan Alhaji Lateef mai atamfa, kuma tun yana ƙarami babu tocilan da ta tsira daga hannunsa a gidan. Ya karanci kimiyyar haske a jami'a, har ya fara digiri na biyu a hannun Dokta Moses.

Abin da ya sa gaba kuwa, ko matarsa Silifat ta gaji da neman bayani. Wai akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mai ƙara wa haske ƙarfi. In ka harba mata haske iri biyu masu walƙawa cikin tsananin sauri, sai su cakuɗe a cikinta, wani sabon haske ya fito wanda ba kai ka saka ba. Burinsa ke nan a duniya, ya haɗa wannan gwaji da hannunsa. Amma lokacin soja ne, ɗakin gwajinsu babu komai sai kujeru, bai taɓa ganin na'urar ba sai a hoto.

Da aka koma farar hula aka ce kayan gwaji na tafe. To, kafin su iso ai sai an ci abinci. Ya kama rumfa a Sabon Gari yana gyaran injin sidi na kallon fim.

Masu wannan sana'a suna da wata muguwar al'ada: in za su gane ko injin na da rai, sai su kanga ido a ɗan gilashinsa su nemi jan ɗigon haske. Duk layin babu wanda ya kai Waliu sanin cewa ɗigon nan da ake rainawa yana ƙona ido a hankali. Amma ba shi da abin awo, ga mai kaya tsaye a kansa yana tsaki. Yau ya leƙa, gobe ya leƙa. Da idon dama ya fara dushewa sai ya koma na hagu. Wallahi abin da ban haushi, da ban tausayi kuma.

"Baban Azeezat, me ya sa kake karkata kai in kana kallona?" in ji Silifat.

"Gajiya ce kawai."

Shekaru suka shuɗe. Ran nan sai ga Dokta Moses da kansa a rumfar, duk ya yi furfura. "Waliu, kaya sun iso. Hannuna rawa yake yi yanzu, kai za ka haɗa."

Aikin shi ne a saita zaren gilashi mai sirantar gashi daidai bakin na'urar, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da suka isa ɗakin gwajin, Waliu ya yi bisimilla ya sunkuya. Ga bakin farantin da aka ɗora na'urar a kai, ga kusoshi, komai tar. Tsakiya kuwa, inda na'urar take, baƙin tabo ne. Ya sauya ido. Tabon na nan. Ya goge gilashin da hannun riga, alhali ya san ba daga gilashi ba ne.

"Ka gan ta?" Dokta ya tambaya daga bayansa, muryarsa cike da murna. "Yaya take?"

Waliu ya ɗago.

"Ina ganin abin da ke kewaye da ita, Dokta."