Ranar da Kaka Ta Kashe Murhunta

Jiya ina share bayan ɗaki sai tsintsiya ta janyo wani tsohon murfin kwano, cikinsa baƙi ƙirin, gefensa duk ya lanƙwashe. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu. In kai ɗan yanzu ne ba lallai ka san amfaninsa ba, amma da irinsa ake ɗibar garwashi a gidanmu na Birnin Kudu.

Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni. Mutuniyar ƙauyen Maruta ce, aure ya kawo ta gari, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda mutanen birni sun iya hura wuta ba. Murhunta duwatsu uku ne a gindin katanga. In ta sauke tuwo sai ta binne guntun ice a toka, da safe ta tono shi ja-wur. Ba wai ashana ta gagari matan layinmu ba ne, sabo ne kawai: da hantsi kowacce za ta leƙo da murfin kwanonta, a gaisa, a ɗebi garwashi, a wuce. Da damina kuwa, in itace ya jiƙe, har jira ake yi.

Ni haushi abin yake ba ni, don ni ke share tokar da suke barbaɗarwa. Sai da na yi wayo na gane abin da tsohuwar nan take yi. Lura take da su ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ba a zo ba har rana ta take, ta san babu abin ɗorawa. Ba ta tambaya, ba ta kuma faɗa wa kowa. Sai ta ƙara gari a tukunya, ta rufe kwano, ta yafa mayafi ta kai da kanta, wai a ɗanɗana mata ko gishiri ya ji.

Hayaƙin nan shi ya ci ƙirjinta. Ina 'yar shekara sha huɗu tarinta ya yi tsanani, har likita ya ce muddin ana son ta ƙara kwana, ta rabu da murhu. A lokacin ne wasu ma'aikata suka shigo unguwa suna nuna wa mata tukunya mai aiki da lantarki, wadda ake ƙulle murfinta ta dafa abinci ba hayaƙi. Kawuna, direban motar Kano, bai tsaya shawara ba, ya karɓo mata ɗaya.

Wata guda tukunyar ta yi a kwalinta a ƙarƙashin gado. Kaka na gaban murhu, tana tari tana fifita. Kawu ya ɗauka tsoro ne, ya durƙusa yana lallashi.

"Inna, wallahi ba ta jan mutum. Taɓa ki ji."

"Wa ya ce maka tsoronta nake? Abin nan naka, ana ɗibarsa a murfin kwano?"

"A'a, Inna."

"To in na kashe murhu, ta ina zan san wadda ta kwana da yunwa?"

Ni dai ranar na yi kuka, don na ga da gaske take, ta gwammace ƙirjinta ya tafi.

Wake ne ya raba gardamar. Wata rana na faki idonta na zuba wake a tukunyar, kafin ta gama tsintar zogale ya yi luguf. Na zaci faɗa zan sha. Ta matse ƙwaya ɗaya da yatsa, sannan ta ce, "Waken da ke cinye rabin damin itace?" Washegari ta zagaya gida-gida da kanta: duk mai wake ko wani abu mai taurin kai, ta kawo. Ta sa kawu ya ja waya zuwa rumfa, ta ɗebo ruwa da hannunta ta yayyafa wa murhun.

Lantarkin ba shi da alƙawari, yau da safe, gobe sai la'asar. Don haka tun da hantsi mata ke jera kwanukansu a rumfa, kuma Kaka ta san kowane kwano kamar fuskar mai shi. Da an kawo wuta sai ta fara, wannan na sauka wannan na hawa. In an ɗauke, ni ke hura gawayi, ita tana can nesa tana kushe hurawar. A kowane kwano takan ɗebi ludayi ɗaya, wai ladan tukunya. Matan na tsokanarta, "Kaka ta zama 'yar kasuwa!" Amma na lura kullum sai sun ƙara tafin wake a kan abin da gidansu zai ci. Sun san inda ludayin yake zuwa, ba wadda ta taɓa furtawa.

Tarin ya lafa, ta kuma ga aurena. Ban taɓa ganin wanda ya karɓi sabon abu da hankali irin nata ba. Allah ya jiƙanta.

Yanzu gidaje da dama a layinmu suna da tasu tukunyar, idon yara ya huta da hayaƙi, kuma ina murna da haka har zuciyata. Ni ma ina da tawa, har ta fi ta Kaka kyau. Nakan rufe ƙofa, in danna, in sauke. Makon jiya ne na ji cewa maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta yi kwana biyu ba ta ɗora komai ba. A bakin mai kitso na ji, bayan abin ya wuce.