Minti Goma Sha Ɗaya na Maganar Yaya Mal-sun

Sjoerd Veldhuis mai gyaran keke ne a Deventer, wani gari a ƙasar Holan, shagonsa na bayan tashar jirgin ƙasa. Shekararsa hamsin da uku. Duk wanda ya ji muryarsa a waya zai rantse a garin aka binne kakanninsa, sai an gan shi ido da ido ake ɗan yin turus. Yana da shekara huɗu aka ɗauko shi daga gidan marayu a Koriya, wasu mata da miji da ba su samu haihuwa ba suka riƙe shi. Marigayiya uwar riƙonsa takan ce wata shida ya yi yana kuka da yaren da babu mai ji a gidan, sannan ya yi gum na mako biyu, ran da ya sake buɗe baki kuwa da Holanci ya nemi madara.

Bai taɓa sa abin a ransa ba sai da wasiƙa ta zo daga wata ƙungiya mai haɗa irinsu da danginsu. Mahaifiyarsa ta rasu, amma yana da yaya mace, Mal-sun, tana sayar da busasshen kifi a Mokpo, wani gari a kudancin Koriya. Aka haɗa su a waya mai hoto, da tafinta a tsakani. Matar tana kuka tana kiransa Du-sik, tafinta kuwa yana miƙo masa maganar a taƙaice kamar mai karanta sanarwa. Ana kashe wayar ya ce wa matarsa Gerdien ba zai sake magana da yayarsa ta bakin wani ƙato ba.

Haka ya faɗa hannun Malama Bong, 'yar Koriya mai aure a garin Zwolle, wadda ke koyar da Koriyanci a falonta ran Talata da yamma. Baƙaƙen rubutun kwana tara suka ɗauke shi, har ya fara cika baki a gida. Daga nan aka shiga sautuka.

"Bul, wuta. Pul, ciyawa. Ppul, ƙaho," in ji Malama. "Maimaita."

"Haba Malama, kalma ɗaya kika faɗa sau uku."

"Kunnenka ne na katako. Ni da kuka ɗora min harafin g ɗin nan naku na Holanci, kamar mai kakarin majina, shekara ashirin da shida maƙogwarona na ciwo, wa na kai wa ƙara? Ga kalmomin de da het da kuke liƙa wa kowane abu a gaba. Saniya de, doki het. Yarinya ma het, kamar gida. Faɗa min dalili."

"Babu dalili. Haka yake."

"To namu ma haka yake. Maimaita."

Sjoerd mutum ne da ya saba kowace ƙusa tana da raminta, yaren nan kuwa ya ƙi zama a hannunsa. Holanci ma yakan jefa aikatau ƙarshen magana wani lokaci, amma Koriyanci kullum ne, sai mutum ya gama zance kaf kafin ka san ya je ko bai je ba. Ƙidaya iri biyu ce, ƙarfe nawa da ɗaya, minti nawa da ɗayar. Ba sa damuwa da "ni" ko "kai", a ce kawai an ci. Wa ya ci? Malama ta ce ai mai hankali ya sani.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ladabi. A Holanci kalmar "kai" iri biyu ce, je ta sabo, u ta girmamawa, shi kuwa da je yake yi wa kowa magana har likitansa. A can wutsiyar aikatau ce ke canjawa gwargwadon shekarun wanda ke gabanka, hawa-hawa. Malama ta ce kada ya kuskura ya kira yayarsa da sunanta, nuna zai ce, wato Yaya. Ta kuma ɗora shi kan hawa mafi girma.

"Gara ladabinka ya yi yawa da a ce Turawa sun rene ka ba tarbiyya," ta ce.

Bayan wata goma sha huɗu, wata Lahadi da safe, ya kira Mokpo ba tafinta. Ya zubo gaisuwar da ya haddace tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba. Fuskar Mal-sun ta canja. Ta amsa a gajarce, ta ce tana da masu saye. Da yamma saƙonta ya shigo, ya kai wa Malama ran Talata ta karanta masa: "Me na yi maka kake min magana kamar mai karanta labarai a talabijin? Ni fa na goya ka."

"Ke kika ce in girmama ta!"

"Na ce. Ina na san haka take? Mutanen kudu ne, su da kansu suke da nasu salon."

"Wata goma sha huɗu, Malama! Na koyi yadda zan ɓata mata rai ba kuskure ko ɗaya!"

Ya kwashi littattafansa, wata biyu bai koma ba. Gerdien ce ta shigo shago da burodi da cuku wata rana ta same shi yana faci, bakinsa na motsi.

"Tsoho, ka daina ne ko ba ka daina ba? Taya ai ba ta jin Koriyanci."

"Ki bar ni."

"Na bar ka. Amma fushin da kake yi da matar Zwolle a kaina yake sauka, kuma na gaji."

Ya koma. Aka warware abin da ya koya, aka fara maganar gida, wadda ƙane ke yi wa yayarsa. Sai da ya ga Mal-sun ta fara dariyar lafazinsa sannan ya yi tambayar da ta sa shi shiga wahalar nan tun farko. Kalma uku ce a Koriyanci: "Yaya, me ya sa ni?"

Mal-sun ta ajiye kifin da ke hannunta, ta yi magana minti goma sha ɗaya. Gerdien na gefe tana naɗar maganar da tata wayar. Maganar ta zo da sauri, da karin Mokpo da babu shi a kowane littafi, da kuka a ciki. Sjoerd ya kama kalmar ruwan sama, ya kama ta jirgin ƙasa, uwa, takalmi. Sauran ya wuce shi. A ƙarshe ta yi masa wata tambaya, ta tsaya tana jira. Kunya ta hana shi cewa bai ji ba, sai ya ce e. Ta rufe fuska da hannu biyu.

Mako uku ya yi yana sauraron maganar da ƙamus a gabansa, ya samu ƙarin kalma shida. Da ya ga ba sarki sai Allah ya kai wa Malama. Ta saurara sau biyu, sannan ta juya masa da Holancinta, de a wurin het, het a wurin de. Mahaifinsu ya mutu a teku. Uwar ta ce za a kai Du-sik wurin kawu ya kwana biyu. Mal-sun, mai shekara goma sha ɗaya a lokacin, ita ta sa masa takalmi, ta goya shi cikin ruwa har tasha, tana ce masa zai shiga jirgi ya ji daɗi. Uwar ta dawo ita kaɗai. Babu wani kawu.

"Tambayar ƙarshen fa?"

Malama ta ajiye wayar. "Cewa ta yi, kana tuna ranar?"

Sjoerd ya miƙe ya tsaya a taga. Ba ya tuna komai, ko ruwan, ko bayan da aka goya shi. Ya ce a koya masa yadda zai gyara maganar. Malama ta ce a wurinsu ba a faɗin irin wannan gatsau, a bar tsohuwa da abin da ya sanyaya mata rai.

"A Holanci da tuni na faɗa an wuce wurin," ya ce. "Ƙarya na yi mata, ban ma san na yi ba."

Lahadi ya kira, ya haɗa jimlar da kansa: "Yaya, ban tuna ba. Yi haƙuri."  Mal-sun ta jawo kujera, ta faro labarin daga farko, a hankali, kalma-kalma, tana nuna ƙafa in ta zo kan takalmi. Wannan karon ya ji kamar kashi ɗaya cikin uku. Da suka yi sallama ya wurga littafinsa bayan kujera, ya ce wa Gerdien yare ne da aka ƙirƙira don a haukata mutane. Ta ce to, ta tambaye shi ko ta soke masa darasin Talata. Ya ce wa ya aike ta.