A Bayansa Nake Tafiya

Tun da muka dawo daga Girka nake sakin labulen kicin. Gidanmu a unguwar Wangsa Maju yake, a Malesiya, kuma daga tagar ana hango layin dogo. Da can ina son in tsaya ina wanke-wanke ina kallon jirgi yana wucewa. Yanzu ko wulgawarsa na gani sai in kau da kai.

Maigidana digiri na uku yake yi a jami'ar da ke Jalan Semarak. Aka gayyace shi wani taro a Athens, babban birnin Girka, ya ce da ni zai tafi, tunda ba mu je ko'ina ba bayan biki. Matan 'yan'uwansa ɗalibai har tsiya suka yi min. "Amarya an haye," in ji wata Anti maƙwabciyarmu. "Mu kam Bukit Bintang ta nan cikin gari ce Turanmu."

Tun a Kano in mun fita tare, shi ne a gaba, ni a baya. Haka na tashi na ga Baba da Umma suna yi, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Ba ya waiwayowa. Ya san ina nan.

Da aka gama taron ya ce mu hau jirgin ƙasa zuwa Korinti, akwai kufai na mutanen da can. Wayarsa ta kusa mutuwa, sai ya karɓi tawa don ɗaukar hoto. Fasfona dama yana jakarsa, wai kada in yar. Ni ledar dambun nama da burodi da gorar ruwa na riƙe.

Jirgi ya tsaya a wata tasha, ya miƙe ya ce, "Nan ne, sauko." Muka sauka. Ya ɗaga kai ya karanta allon, ya ce, "Kai, ba nan ba ne!" Ya juya ya faɗa ciki. Ni kuma iska ta ɗauke min mayafi, na tsaya kama shi. Ina ɗaga ƙafa ƙofar ta yi ƙara ta haɗe.

Bayansa na gani ta gilashi, yana neman wurin zama. Har jirgin ya ja bai juyo ba.

Tashar ba kowa. Benci ne kawai, sai tudu mai itatuwan zaitun. Na tsaya da ledata kamar an dasa ni. Can wani mutum mai kayan ma'aikata ya fito ya yi min magana da yarensu, sannan ya koma Turanci. Turancin sakandaren nawa duk ya gudu. Da ƙyar na haɗa masa cewa mijina ya tafi a jirgi. Ya fito da wayarsa ya ce in ba shi lamba. Na karanto masa lambar maigida ta Malesiya, wadda na haddace tun ana neman aurena. Ba ta shiga ba. Sai a lokacin na tuna ya canja sim a filin jirgi. Ya tambaye ni sunan otal ɗinmu. Wallahi ban sani ba. Kwana da kwanaki ina shiga ina fita, idona a kan ƙeyar mijina.

Sai ya ce fasfo.

Na sha jin labarin baƙaƙen fata da ake kamawa a Turai ba takarda. Na zauna a bencin ina maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Umma nake ta tunawa. Wa zai gaya mata? Ita da ko sunan ƙasar ba ta iya faɗa ba. Mutumin ya ɗan tsaya a kaina, ya yi wata magana a wayarsa, ya nuna min da hannu in zauna a nan. Ban san ko taimako ya kira ba ko 'yan sanda.

Rana ta yi nisa kafin jirgin dawowa ya sauke maigida. Na miƙe zan faɗa jikinsa, a gaban kowa ma, ban damu ba.

"Ke wace irin mutum ce?" ya ce. "Ba ki ga na shiga ba? Kin cinye mana rabin yini."

Muka je kufan. Ginshiƙai ne na dutse a tsaye ba rufi, da gidaje da suka zama tushe kawai, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunansu. Yana ta min bayanin shekarun da suka yi. Ya tsayar da ni a jikin wani ginshiƙi. "Yi murmushi mana, Hajiya. Kamar an yi miki mutuwa." Na yi. Hoton nan shi ya ɗora a sitatus, 'yan'uwa suna ta masha Allah.

Bayan mun dawo, ranar wata Asabar muna cin abinci da abokansa da matansu a mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, ya ba da labarin. Har kwaikwayon tsayuwata ya yi, da ledar a hannu. Aka yi ta dariya. Anti ta ce, "Ai da kin riƙe masa riga mana!" Ni ma na yi dariyar, shayina ya huce ban sha ba.

Da muka hau sama na ce, "Yaya, don Allah ka ba ni fasfona in riƙe."

"Ina za ki?"

"Ba inda za ni."

"To, abu ya wuce. Ki daina mayar da ƙaramin abu babba."

Kwanan baya za mu kasuwa, tsoro ya sa na sha gabansa na riga shi shiga jirgi. Yana waya, bai lura ba, ƙofa ta rufe ya rage a waje. Na juya da sauri na manna hannuna a gilashi. Allah ya sani, wani ɓangare na zuciyata so yake in ga tsoron nan a fuskarsa ko sau ɗaya. Ya ɗaga min hannu yana dariya, ya nuna min tasha ta gaba. Wayarsa na kunnensa, katinsa na aljihu, ya san sunan kowace unguwa.

Na sauka na jira shi. Ya iso a jirgi na biye, bai ma gama wayar ba. Ya rufe bakinta da hannu ya ce, "Kin gani? Abin ba wuya."

Fasfon yana nan a durowarsa, a kulle. Yanzu in mun fita, gefen rigarsa nake damƙewa har ta yamutse. Anti ta gan mu a tasha ta ce, "Oho, soyayya!"